Na Kori Baƙona Saboda Wani Ƙarfe

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda wannan shafi ya zo hannunsa. Tun farko bari in faɗa ba tare da kwana-kwana ba, ni ne mai laifi a labarin nan. Ba a zalunce ni ba, ba a kuma yaudare ni ba. An gaya mini gaskiya da rana tsaka, na ji ta da kunnena, zuciyata ta yarda da ita, sannan na kori wanda ya faɗa mini. Na daɗe ina son rubuto muku amma kunya take hana ni. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa har yau sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci.

A lokacin ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina sana'ar gwangwan a Hayin Banki, nan kusa da Kawo, gidana kuma yana Abakpa. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na samu a makarantar allo. Tun ina saurayi na shiga harkar tsofaffin ƙarafa, na fara da tura baro ina bin layi-layi, har Allah Ya ba ni fili nawa da sikeli da ma'aikata biyar. Mu a wannan sana'a ba ma ganin abu da sunansa. Wani zai ga tsohon keken ɗinki ko ƙofar mota, mu kuwa nauyi muke gani da irin ƙarfen. A ɗora mayen ƙarfe, idan ya kama baƙin ƙarfe ne, a jefa shi can. Idan bai kama ba sai a duba ko jan ƙarfe ne ko tagulla ko alminiyom, don su ne masu daraja. Idan kuma abu ya haɗa iri biyu, sai a sa masa guduma da cizal a raba su. Da wannan na tashi, kuma a ganina babu ƙarfen da zai zo gabana in rasa yadda zan yi da shi.

A shekarun da rikici ya tsananta a gabas mutane suka riƙa kwararowa Kaduna, wasu da ƙullin kaya, wasu da rigar jikinsu kawai. Wata Juma'a limaminmu ya roƙi duk mai ɗakin da ba kowa a ciki ya taimaka. Ina da ɗaki ɗaya a waje, kusa da zaure, sai na ɗaga hannu. Aka kawo mini wani dattijo daga ƙasar Borno da matarsa da 'yarsu, wadda aka kashe mata miji. Manomi ne, ya yi kusan shekara biyu a sansanin 'yan gudun hijira kafin ya taho. Ina kiransa Baba, shi kuma yana ce mini Alhaji tun ban je Makka ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce na fi jin daɗin yabon da ake yi mini a kan taimakon kansa. Idan aka nuna ni a majalisa aka ce ga wanda ya sauki 'yan gudun hijira, sai in sunkuyar da kai kamar ba na so, alhali zuciyata fari ƙal. Baba ba mai son zama ba ne yana jiran ranar da masu agaji za su raba hatsi, don haka ya roƙe ni aiki, na sa shi a wajen tsince ƙarafa. Mutum ne mai shiru, ba ya shiga hayaniyar ma'aikata, kuma ban taɓa samunsa da ƙusa ɗaya a aljihu ba.

Wata Asabar aka kawo mini kaya mota guda daga wajajen gabas. Irin kayan nan ne na garuruwan da aka ƙone, kwanon rufi da ya sha wuta, gadajen ƙarfe, ƙarafan kekuna, guntayen motoci. Ba ma tambayar inda suka fito, mu dai mu auna. Ina cikin rumfa sai na ji Baba ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba. Yana cewa kowa ya tsaya, kowa ya ja baya. Na fito da gudu ina zaton maciji ne. Sai na tarar da shi ya shimfiɗa hannuwa ya tare wani ƙaton ma'aikacina, wanda shi ne mai guduma a filin. A ƙasa tsakaninsu akwai wani ƙarfe, tsawonsa bai kai hannuna ba, kauri kamar babbar doya, kansa a tsuke, duk ya yi tsatsa, amma wajen gindinsa akwai zobe na jan ƙarfe da ya zagaye shi. Wannan zoben mai guduma ya hango, har ya ɗauko cizal.

Baba ya ce mini, Alhaji, wannan harsashin babbar bindiga ne da aka harba bai tashi ba, kuma yana nan da ransa. Ya ce a sansani wasu masu agaji sun sha zuwa da hotuna a jikin ƙyalle suna nuna musu irinsa, kuma abin da suka koya musu ba shi da yawa, kada a taɓa, kada a matsar, a sa alama a kewaye, a janye mutane, a sanar da hukuma. Ma'aikata suka kwashe da dariya. Wani ya ce ashe Baba tsohon soja ne ba mu sani ba, a riƙa sara masa da safe. Mai guduma ya ce, haba Baba, abin da ya sha ramukan hanya tun daga Borno har Kaduna bai ce uffan ba, sai yanzu da ya ga cizal zai yi fushi? Baba bai yi dariya ba. Ya ce ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya tsinci irinsa a gona lokacin da suka gwada komawa gida yin shuka, ya ɗaure shi a bayan keke, ya tuƙa har bakin gari lafiya lau, sai da ya sauke shi a kan sikelin mai sayen ƙarfe sannan ya tashi. Gawar mutum huɗu aka tattara a tabarma a wurin. Ya ce babu wanda ya san taɓawar da za ta zama ta ƙarshe.

Dariyar ta ɗauke, ni ma na san gaskiya ya faɗa. Amma abin da ya fara zuwa raina ba mutanen da ke tsaye ba ne, kaina ne. Mu 'yan gwangwan mun sha jin ana cewa an samu irin wannan abu a wurin wani, an rufe masa fili, an tafi da shi ana tambayarsa su wa yake tara wa. Na hango an kewaye filina da igiya, an saka ni a bayan mota mutanen Hayin Banki suna kallo, na hango sunan da za a liƙa mini da 'ya'yana har abada. Ga shi kuma ina da ɗan gudun hijira daga Borno a gidana, wa zai yarda ban san komai ba? Sai na daure fuska na ce maganar ta mutu a nan, duk wanda ya fitar da ita waje ya nemi wani wurin aiki. Na ce a kawo baro. Baba ya riƙe mini hannun riga yana cewa don Allah Alhaji a bar shi inda yake. Na fizge. Da hannuna na kama kan abin, mai guduma ya kama gindin, muka ɗora a baro, na tura shi a kan ƙasa mai gargada har ƙarshen fili, muka jingine shi da katanga, na jawo tsohon kwano na rufe. Har yau ina tuna yadda ya riƙa gungurawa a cikin baron yana bugun gefe.

A bayan wannan katangar akwai gidan wata mata mai injin niƙa. Tun da safe mata da 'yan mata suke yin layi da kwanukan wake da masara da kayan miya, kuma idan aka tayar da injin katangar har rawa take yi. Na san da haka sarai lokacin da na zaɓi wurin. Na zaɓe shi ne kawai don shi ne nesa da ƙofa, inda mai shigowa ba zai gani ba.

Dabarata ita ce wadda kowane ɗan gwangwan ya sani. Ranar Alhamis tirela za ta zo ta yi lodin baƙin ƙarfe zuwa kamfanin narkarwa a kudu, kuma a wurinmu duk abin da ba ka so a gani, tsakiyar lodi ake saka shi, a danne da kaya ta ko'ina. Idan ya bar filina ya zama na wani. Da Baba ya ji wannan sai ya same ni a rumfa, ya tsuguna kamar mai neman alfarma, ya tambaye ni direban fa, da yaran motarsa, da motocin da za su bi bayansa a hanya, da mutanen da za su zuba kayan a wuta. Na ce masa kowa da ajalinsa. Ya ce haka ne, amma ba a so ajalin mutum ya biyo ta hannunka kana sane. Na ji zafin maganar, sai na ce, Baba, ka tuna a ɗakin wa kake kwana. Ya dube ni, ya miƙe ya fita.

Washegari na tarar ya jera duwatsu ya kewaye wurin, ya kafa sanda ya ɗaura mata jan tsumma. Na sa ƙafa na watsar da duwatsun, na ce so yake ya tallata ni. Da na dawo daga sallar azahar ya sake jera su, sai dai wannan karon bai ɗaura tsumman ba. Daga ranar ya daina tsince ƙarafa. Ya samo tsohuwar jarka ya kifa a gaban wurin ya zauna, tun buɗe fili har rufewa, cikin rana. Duk wanda ya nufo wajen da kaya sai ya miƙe ya tare shi. Idan mai yanka da wutar gas ya matso kusa, sai ya je ya roƙe shi ya koma can gaba. Ma'aikata suka sa masa suna mai gadin doya, suna tambayarsa ko ta fara tsiro. Ni na san mutumin nan ya fi kowa a filin sanin abin da ke ƙarƙashin kwanon, kuma shi ne ya fi kowa kusa da shi.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. A fili irin namu ƙara ba ta yankewa, guduma a nan, ana jefa ƙarfe a can, amma sai na zama duk bugun da aka yi sai na zabura. Idan injin niƙa ya tashi sai in ji kamar a ƙirjina yake. Abinci ya ƙi shiga. Na fara ƙirƙirar dalilin barin wurin, in ce zan je Kawo duba kaya, in je in zauna a wajen mai shayi ina kallon agogo, kunnena yana can. Idan taya ta fashe a titi sai in miƙe tsaye. A sallah ban san raka'a nawa na yi ba. Duk da haka ko sau ɗaya ban yi tunanin fasa abin da na shirya ba, Alhamis kawai nake jira.

Abu mafi muni da na yi shi ne wannan. Maiɗakina takan aika da niƙanta wajen wannan matar, don ƙawarta ce tun suna 'yan mata, wani lokacin ma da kanta take zuwa su yi hira. Ranar Talata na ce mata daga yau a riƙa kai niƙa nan cikin Abakpa. Ta ce me ya faru, na ce injin can yana ɓata gari. Ta dube ni ta ce shekara nawa muna cin tuwon injin nan ban taɓa cewa komai ba. Ashe matar Baba ta riga ta faɗa mata cewa mijinta ya daina cin abinci shi ma, kuma ya ce idan bai dawo ba wata rana su yafe masa. Ta matsa mini har na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, wato Malam, ka cire naka ka bar na mutane? Ta ce matan da ke layi a can su ma wasu ne suka aike su, su ma ana jiransu da tuwo. Na ce mata harkar maza ce, kwana biyu ya rage. Ta ce to Allah Ya kai mu, amma ta faɗa da wata irin murya da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta tashi ta bar mini ɗakin.

Ranar Laraba bayan la'asar Baba ya jira ni a ƙofar masallaci. Ya ce ya zo ne ya sanar da ni zai je wajen mai unguwa, kuma bai so ya je a bayan idona ba, don na yi masa alheri. Ya ce ya yi kwana huɗu yana jira ko zan je da kaina, domin ya fi mini sauƙi a ce ni na kai rahoto, kuma har yanzu idan na yarda sai mu tafi tare. Na ja shi gefe ina magana ƙasa-ƙasa don kada a ji. Na kira shi butulu. Na ce na ɗauke shi daga titi, na ba shi ɗaki, na ba shi aiki, sakayyar ke nan. Na ce idan ƙafarsa ta taka ƙofar mai unguwa, kada ta sake taka ƙofata. Na zaci zai karaya. Sai ya ce, Alhaji, na bar gidan da ya fi wannan, da rumbuna cike, ban ɗauki ko cokali ba. Ya ce ɗaki nawa ne, ina da ikon karɓe shi, amma shi ba zai sake tattara mutane a tabarma ba alhali yana da bakin magana. Ya gyara hularsa ya tafi.

Ni kuwa na wuce gida kai tsaye, na ce wa matarsa da 'yarsa su kwashe kayansu. Kayan ma ba su da yawa, tabarmi biyu, tukwane, buhun hatsin agaji da ya rage rabi. Maiɗakina tana kuka tana roƙona in bari ko zuwa safe, na ƙi. Tsohuwar ba ta roƙe ni ba, ta ce dai mun gode da zaman da aka yi. Na sa kwaɗo a ƙofar, na jefa mabuɗin a aljihu.

Da safiyar Alhamis, kafin tirela ta iso, mai unguwa ya zo da 'yan sanda masu kwance bam. Abin da nake tsoro ya faru a idona, an ɗaura igiya, an tare layi ta kowane ɓangare, an fitar da mutane daga gidajen kusa, mata da goyo, tsofaffi ana riƙe da su. Babban 'yan sandan ya je shi kaɗai ya ɗaga kwanon a hankali, ya daɗe a tsugune, sannan ya dawo ya tambaya a nan aka same shi ko kawo shi aka yi. Na ce kawo shi aka yi. Ya ce da me. Na ce da baro. Ya tambayi ƙarar me yake ji ɗazu a bayan katanga, aka ce injin niƙa ne. Bai zage ni ba, ya dai dube ni daga sama har ƙasa, ya juya ya ce a ƙara ja da mutane baya. Sun ɗauki sa'o'i suna aiki da buhunan yashi kafin su fitar da shi a wata mota tasu, suna tafiya kamar masu rakiyar gawa.

Kwana biyu na yi a wurinsu ana yi mini tambayoyi, daga ina kayan suka fito, wa ya kawo, me ya hana ni sanarwa. Ba wanda ya taɓa lafiyata. A rana ta biyu wani daga cikinsu ya nuna mini a wayarsa yadda suka tayar da abin a daji, nesa da gari. Na ga ƙasa ta yi sama, na ga ramin da ya bari, na auna shi a raina da tsakar gidan mai niƙa da layin matan nan, sai na kau da kai daga wayar. Ya ce mini da sun fara jin labarin daga bakina, da tambayar ba ta wuce ta yini ɗaya ba. Ya kuma ce dattijon da ya kai rahoto ya ba da shaida cewa a cikin tarkace abin ya zo, ban san da shi ba lokacin da na saya, kuma tsoro ne ya sa na ɓoye, ba mugunta ba. A ranar da Baba ya faɗi haka bai san inda iyalinsa za su kwana ba.

An sake ni, an buɗe mini fili bayan an bincike sauran kayan. Mutanen layin sun daɗe ba sa amsa mini sallama da daɗi. Mai niƙa ta aiko wa maiɗakina cewa ba ta riƙe ta da komai ba, amma ni kada in sake bi ta ƙofarta. Kuna zaton daga nan na tafi neman Baba? Ban je ba. Wata shida na yi ina gaya wa kaina cewa shi ya tona mini asiri, ai da ya ƙara haƙuri kwana ɗaya da komai ya wuce. Idan aka tambaye ni ina baƙina sai in ce sun samu wani wuri. Ɗakin yana nan a kulle, kullum sai na wuce ta gabansa sau goma, ban iya ba wa kowa shi ba.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da wata ƙungiyar agaji ta tara mu 'yan gwangwan na wannan yanki don wayar mana da kai. Wata yarinya 'yar boko ta buɗe ƙyalle mai hotuna, ta nuna irin ƙarfen nan da zobensa, ta ce kada a taɓa, kada a matsar, a sa alama, a janye mutane, a sanar. Babu kalma ɗaya da ta ƙara a kan abin da Baba ya faɗa mini a ranar farko. Na ga manyan dillalai suna gyaɗa kai suna tambaya cikin ladabi, ni ma ina ciki. Sai na tambayi kaina me ya sa na saurari wannan na ƙi sauraron wancan. Amsar ba ta da daɗi. Ita ta zo a mota da rigar aiki, shi kuwa a ɗakina yake kwana, kuma a zuciyata wanda na taimaka ba shi da bakin da zai gyara mini.

Wannan ne abin da nake so masu karatu su ɗauka. 'Yan'uwana masu sana'ar ƙarfe, ba kowane ƙarfe ne kaya ba. Idan kuka ga abin da ba ku gane ba, musamman a kayan da suka fito daga inda aka yi faɗa, ku ajiye guduma, ku bar shi inda yake, ku kira hukuma. Tambayar da za a yi muku tana da ƙarshe, kuma saka shi a tsakiyar lodi ba rabuwa da shi ba ne, miƙa wa wani mutuwa ne. Ku kuma da kuka sauki waɗanda rikici ya koro, ku sani ba hannu biyu kawai suka zo da shi ba. Sun ga abin da ba mu gani ba, sun biya kuɗin saninsa da 'yan'uwansu. Kuma idan ka ba mutum wurin kwana don ka riƙa tuna masa, ba taimako ka yi ba.

Na fara neman Baba a makon da aka yi taron nan. Liman bai san inda ya koma ba, mai unguwa ma haka. A tashar Kawo wani mai lodi ya ce ya san wani dattijo ɗan Borno da ke gadin wani gini da ba a gama ba, can bayan tasha. Na je da hantsi. Kango ne, babu ƙofa babu taga, an rataya buhu a madadin labule. Matarsa tana hura wuta a tsakanin bulo uku, 'yarsa tana wanki, shi kuma yana zaune a inuwa yana gyaran igiyar guga. Ya rame. Da ya gan ni ya miƙe ya ce, a'a, Alhaji ne, maraba, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na ƙi hawa. Daga baya na roƙe shi su dawo ɗakin, ya ce mai ginin ya amince da shi kuma ba ya son ya saɓa masa, sai dai mu riƙa zumunci. Amma kafin wannan sai da na tsuguna a ƙasa a gabansa, na ce matarsa da 'yarsa su matso su ji, domin a gabansu na yi abin da na yi.

Na ce, Baba, ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ka faɗa mini gaskiya na san gaskiya ce, na zage ka. Ka zauna a rana kwana huɗu kana tsare rayukan mutane daga abin da na ajiye da hannuna, na bari ana yi maka dariya. Na fitar da iyalinka da yamma ban tambayi inda za su kwana ba. Na kira ka butulu, alhali ni ne butulun. Ba ni da wani uzuri, kuma ban zo da shi ba. Ka yafe mini don Allah, ku ma Iya ku yafe mini.